Gangar da Na Kai wa Baba Ishaya

Mutanen Zuru sun san ni da ƙarin gishiri. In na dawo daga gona na ce na ga mesa, matata Rifkatu takan tambaya ko tana nufin tanar nan da ke bayan randa. To, a wannan labarin ku rage abin da za ku rage, ban hana ku ba. Amma gangar gaskiya ce, tsohon gaskiya ne, laifin kuma nawa ne ni kaɗai.

A kakar 2004 na sauka a wani ƙaramin garin jami'a da ke bakin teku a ƙasar Sikotland. Shekarata arba'in da shida, ga tumbi, ga takardar karatun shekara ɗaya a kan kiwon dabbobi. Kayana akwati ɗaya ne, sai ganga ɗaya a cikin buhun shinkafa. Gangar saƙo ce. Akwai wani tsohon soja ɗan unguwarmu ta Rikoto, Baba Ishaya, abokin noman mahaifina tun suna samari. Ya bi wani hafsa zuwa Turai a matsayin direba, ya auri 'yar wannan gari, ta rasu ta bar shi, shi kuma ya kasa komawa. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Ya yi ta rubuto wa ƙanwarsa wasiƙa cewa duk wanda Allah ya jefo ta nan, a haɗo shi da gangar noma ta gida. Ni Allah ya jefo.

Zangona na farko ƙofar wani gida ce mai jan fenti. Ban yi niyyar sauka wurin tsoho ba, ni malamin makaranta ne, ina da girmana. Tun ina gida aka haɗa ni ta waya da wani ɗan ƙasarmu, mai baki kamar zuma, ya ce ya kama mini ɗaki mai kallon teku. Na sayar da bijimina na aika masa. Da na isa lambar gidan na danna ƙararrawa, sai wata mata mai farar riga ta buɗe ta tambaye ni wane haƙori ne ke ciwo. Asibitin haƙori ne. Ɗakin mai kallon teku akwai shi kam, na hango shi ta bayanta, sai dai kujerar cire haƙori ce a tsakiyarsa. Na kira lambar ɗan'uwan nawa mai bakin zuma sau tara. Har yau da nake wannan rubutu bai ɗauka ba.

Ana ruwa. Ruwan can ba ya sauka daga sama kamar na mutane, daga gefe yake zuwa, ya shiga kunne, ya zagaya ya fito ta wuyan riga. Na ɗora buhun ganga a ka, na ja akwati, na bi adireshin da ke bayan ambulan ɗin wasiƙar Baba. Duk wanda na gaisar a hanya sai ya yi mini ɗan murmushin nan nasu da ke mutuwa kafin ya kai ido, ya ƙara sauri. Na yi tafiyar da a gida da ta kai ni garin Sakaba, ko da yake daga baya an ce mini mil ɗaya da rabi ce.

Wani dogon tsoho ya buɗe ƙofa, ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan benci a ƙasa.

"Wane ne?"

"Bawa ne, Baba. Ɗan Dantani na Rikoto."

Bai dube ni ba. Buhun da ke kaina yake kallo. Ya gaishe ni da yarenmu na C'lela, harshen ya fito masa da ƙyar kamar ƙofar da ta daɗe a rufe, sannan ya koma Hausa.

"Shigo da ita daga ruwa. Kai ma in kana so ka shigo."

A tsakar ɗaki ya kwance buhun da kansa, bai bar ni na sa hannu ba. Ya shafa icen, ya shafa igiyoyin, ya sunkuya ya shinshina fatar. Ya ɗauki gula ya buga sau ɗaya. Buf. Kamar an jefa jiƙaƙƙen tsumma a bango. Ya ajiye gular.

"Ta sha ruwa," in ji shi. "Ta yi mura. Ba ni son in ji ta haka."

Ya rataye ta a ƙusa kusa da taga, nesa da hitar ɗumama ɗaki, ya ce haka za ta zauna tana shan iskar ɗaki har ta bushe a hankali. Ran da za a buga ta, da safe, zai hura ɗan gawayi a bayan gida ya gasa ta da hannunsa. Kafin ranar ba mai taɓa ta. Sai bayan ya gama wannan bayani ya lura ina ɗigar da ruwa a kan dardumarsa. Na ba shi labarin likitan haƙori. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya nuna mini doguwar kujera.

"Ga ɗakinka. Ba ya kallon teku. Yana kallon ganga."

Zango na biyu shi ne zauren taron gari, inda Baba yake aiki. Shi ke sharewa, shi ke jera kujeru, shi ke kwashewa. Ku sani cewa a can, da zarar ganye ya fara ja yana zuba, rana kuma ta fara tashi daga aiki tun ƙarfe huɗu, sai mutanen garin su tsorata da duhun da ke tafe, su shirya wasanni na wata guda cur don kada kowa ya zauna shi kaɗai a ɗaki ya haukace. Har ɗan littafi suke bugawa, kowace rana da abinta. Da yake darasina da safe ne, da yamma nakan bi Baba in kama masa kujeru, saboda haka ba abin da ya wuce ni.

Na ga masu waƙar coci su arba'in, kowa riƙe da takarda kamar za a karanta masa hukunci. Na ga baje kolin zane inda mutum ɗaya ya zana teku sau talatin, duk toka-toka, mutane na tsayawa gaban kowanne suna gyaɗa kai. Na ga wata baiwar Allah ta karanta waƙa a kan mutuwar kyanwarta, wani dattijo a gefena yana share hawaye. Akwai ranar matse tuffa, kowa ya kawo ta bayan gidansa a kwando a matse a sha. Akwai ranar da yara suka zaga gari da fitilun takarda, iska ta kashe su tun kafin a kai kwanar farko. Akwai ranar miya kyauta ta baƙin ɗalibai, inda aka ba mu tumbin tunkiya da aka cusa wa hatsi, na ci nawa na ci na wani ɗan Sin da ya kasa. Akwai kuma masu algaitarsu mai salka, maza ƙarti sanye da siket, suna matse salkar a hammata tana kuka kamar an taka wutsiyar akuya goma a lokaci guda. Wannan kam na so ta, don ita kaɗai ce ta yi ƙarar da ta kai ta gida.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirunsu. Mutum yana kiɗa, yana zufa, ba mai guɗa, ba mai tashi ya taka, ba mai liƙa masa ko sisi a goshi. Ranar farko wata yarinya ta ja gogen Turawa ya yi mini daɗi, na ce "Yawwa, 'yar albarka!" Kawuna ɗari biyu suka juyo. Baba ya taka mini ƙafa da takalmin soja.

"Nan ba a yabon mutum sai ya gama," ya raɗa mini. "Kamar gawa."

A shafi na kusa da na ƙarshe na ɗan littafin nan akwai sunansa. Asabar ta ƙarshen Oktoba, ƙarfe uku na rana, kiɗan noma daga Nijeriya. Madam Moira, shugabar kwamitin shirye-shiryen, wata gajeriyar mata mai tafiya kamar ana bin ta, ita ta sa shi bayan da ya gaya mata ganga na hanya. Littafin yana aljihunsa kullum, shafin har ya yi baƙi. Wata rana muna cikin kwashe kujeru ya zauna a kan ɗaya don numfashi ya dawo masa, ya dubi dandalin da babu kowa.

"Bawa, ka san mi nake so? Da ni da ubanka munka yi noman golmo tare, shekara bakwai ana yi wa surukai noma kafin a ba mutum mata. Ni ke kiɗa, shi da sauran samari suna kai gora. In na buga a Rikoto, ana ji a bayan dutse. Tun da na zo wanga gari nake jera wa mutane kujera su ji kiɗan kakanninsu. Ina so in ji namu sau ɗaya a ɗakin nan kafin ƙirjin ga ya gama da ni. Su ma su ji, su san ba daga rami na fito ba."

Na ce, "Baba, ranar sai gilashin tagogin nan ya zube. Sai kifin teku ya fito ya yi rawa."

"Kai dai ubanka bai da surutu. Ban san inda anka samo ka ba."

Watan nan ya yi mini tsawo. A aji ni ne babba, har malamin na girme shi. In na ba da labari ba mai dariya, sai su ce abin sha'awa ne, su rubuta. Hannuwana suka tsage, haƙorana suka koyi rawa. In na tuna a gida dawa ta sunkuyar da kai, ana shirin bikin Uhola, yara na gasa sabuwar gyaɗa a bakin gona, sai in ture miyar gwangwani gefe. Da na kwanta a doguwar kujera, ganga na rataye a kaina kamar wata baƙuwa da ita ma ba ta san abin da ya kawo ta ba. Kowace safiya Baba zai tsaya gabanta, ya ɗora tafin hannu a fatar, ya ce, "Saura kaɗan." Bai ƙara buga ta ba.

Ranar Litinin ta makon wasan, tari ya kayar da shi a tsakiyar zaure, kujera a hannunsa. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Likita ya ce ruwa ne a huhu, sai ya kwana biyar ko fiye. Baba ya kama hannuna, robar iska a hancinsa.

"Asabar ina nan tafe, ko a kan gadon ga ne. Ka kula da ita."

Zango na uku ɗakin Baba ne, ni kaɗai, ranar Laraba da hantsi. Na zauna ina kallon gangar, tana kallona. Na ce a raina, tsohon nan in ya fito ba shi da ƙarfin tsugunawa a ruwa yana hura gawayi. Ni kuma ɗan manomi ne, na ga ana gasa ganga sau dubu. Me zai hana in gwada, in tabbatar tana da murya, in kai masa albishir a asibiti?

Ga yadda ake yi a gida. Ka ɗebi tafin kara ko ciyawa, ka cinna wuta, ka kara fuskar ganga kana juyawa, kana shafawa. Kafin ka ƙirga hamsin wutar ta cinye kanta ta mutu. In fatar ba ta ɗaure ba ka ƙara wani tafin. In ta ɗaure, ka ajiye ta nan gefen toka ka tafi harkarka, ɗumin da ya rage ya riƙe maka ita. Ba wanda ya taɓa kashe wutar gashin ganga a Rikoto, ita ke kashe kanta.

Baba yana da wata tsohuwar hita mai sanda biyu da ke yin ja wur in an kunna. Na kunna ta, na sauko da ganga, na kara, ina juyawa, ina shafawa, yadda na ga manya na yi. Fatar ta fara tashi a ƙarƙashin hannuna. Na ƙwanƙwasa da yatsa, ta amsa. Na ƙara kaɗan. Sannan na rataya ta a kafaɗa na ɗauki gula.

Jama'a, ta yi magana. Kofunan da ke kan kanta suka yi rawa. Na ji ta a cikina kafin in ji ta a kunne. Ni ba makaɗi ba ne, kiɗan da kowane yaron Rikoto ya iya shi na yi, amma na rantse na ji ƙamshin ƙasar da aka kafta. Na yi kamar minti biyar ina bugawa ina kuka, ƙato da ni, a ɗakin mutane.

Sai wayar gidan ta yi ƙara a ƙasan bene. Na ajiye gangar nan gaban hita, yadda ake ajiye ta gefen toka, na sauka a guje. Ko kusa tunanin kashewa bai zo mini ba. Hannuna ya saba da wutar da ke mutuwa.

Rifkatu ce, daga shagon waya na wani Ibo a bakin kasuwa. Ta ce in kira ta, na ciro katina na kiran waya na kira. Ta ba ni labarin gona, da na akuyar da ta haifi uku, da na wanda ya rasu da wanda ya yi aure. Ni kuma na buɗe baki. Na ce mata na gyara gangar da Turawa suka kasa, na ce maƙwabta sun fito suna rawa a titi, na ce har 'yan sanda sun zo sun roƙi in ƙara.

"Baban Dauda," in ji ta, "ko a Turai ba ka daina ba?"

Ina cikin rantsuwa na ji ƙara daga sama, tas, kamar an harba bindigar toka.

Fatar ta tsage tun daga baki har baki, gefen ya naɗe ya yi baƙi, ɗakin na warin ƙonannen gashi. Hita na nan ja wur abinta, ba ta gaji ba, ba ta da niyyar gajiya. Fatar bayan ganga ba ta fashe ba, amma ita mai kauri ce, amsawa kawai take yi, ba ta magana. Na zauna a ƙasa. 

Zango na huɗu, neman fatar akuya a ƙasar da tumaki suka fi mutane yawa. A Zuru da na leƙa bayan mahauta na ɗauki wadda nake so, a haɗa mini da gaisuwa. A can na shiga shagon mai nama na ce ina son fata, ya dube ni kamar na ce ya ba ni ta jikinsa. Ya ce shi bai taɓa ganin dabbar da yake sayarwa da rigarta ba, a kwali take zuwa. Na je gonar makarantarmu, malamina ya ce ana yanka a wani kamfani mai nisa, fatar kuma doka ba ta yarda a miƙa wa mutum ita haka kawai ba, sai da takardu, takardun kuma sai an yi makonni. Na hau bas zuwa babban gari wurin wani Bafakistane mai naman halal, ya ba ni shayi, ya ba ni haƙuri, bai da fata. Na shiga shagon jakunkunan mata ina lallatsa su ɗaya bayan ɗaya har mai gadi ya zo ya tsaya a bayana.

Da yamma na biya asibiti.

"Yaya take?" in ji Baba.

"Lafiya lau. Har ta fara tambayarka."

"Ba ka taɓa ta ba dai?"

"Ni? Ko kallonta ba na yi sosai, kada in sa mata ido."

Ya yi murmushi ya rufe ido. Na fito na tsaya a bakin ƙofar asibitin, na rasa inda zan sa kaina. Na sha yin ƙarya a rayuwata don a yi dariya. Wannan ce ta farko da na yi don kada a gan ni.

Ranar Juma'a mai naman nan na farko ya hango ni ina wucewa ya kira ni. Ya rubuta mini adireshi a takardar naɗe nama, ya ce in je wurin Angus, mai ɗinka salkar algaita. Na same shi a wata rumfa bayan gidansa, tsoho mai jan gemu da yatsu kamar rogo. Na kwance buhu na nuna masa. Bai yi dariya ba, bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya duba ƙunar, ya dubi fuskata, ya gane.

"Ta wane ce?"

"Ta mai share zauren taro."

"Dogon nan? Shekara ashirin yana ajiye mini kujera kusa da ƙofa saboda ƙafata. Ban taɓa sanin yana kiɗa ba."

Ya ciro fatar tunkiya, jemammiya, mai laushi kamar kunnen jariri. Ya ce ita kaɗai gare shi, kuma gara in sani tun yanzu, an jeme ta ne don ta riƙe iska, ba don ta yi ƙara ba. Za ta rufe ramin, ba za ta yi magana ba. Na ce mu gwada. Muka wuni muna huda, muna zura igiya, yana ja da haƙori ina dannewa da gwiwa. Matarsa ta kawo mana shayi sau uku. Da muka gama na buga. Ba buf ba ce, ba kuma ganga ba ce, wani abu ne a tsakani, kamar mutum na magana da bargo a baki. Na sa hannu a aljihu, Angus ya ture hannun.

"Ka gaya masa kafin ya hau," in ji shi. "Kada ka bari hannunsa ya gaya masa."

Na ce to. Ban gaya masa ba. Na aika wa Baba saƙo ta wata nas cewa kada ya damu da gawayi, zan gasa ta da safe in kai ta zaure, shi dai ya taho.

Ranar Asabar Baba ya sa hannu a takardar cewa shi ya sallami kansa, ya hau tasi daga asibiti kai tsaye. Ya iso saura minti ashirin, cikin babbar rigar da ya ajiye tun ranar aurensa, ta yi masa yawa kamar ta aro. Zaure ya cika. Rabin garin sun san shi da tsintsiya, sun zo su ga abin mamaki. Madam Moira ta rungume shi ta ruga ta duba makirufo. Muka rage mu biyu a ɗan ɗakin ajiyar kaya da ke bayan dandali, gangar na kan tebur cikin buhu.

Kafin in fara magana, Baba ya matsa gaban tebur. Ya kwance buhun. Bai ma duba ba, tafin hannu ya ɗora kamar yadda yake yi kowace safiya. Hannun ya tsaya cak. Ina jin ƙarar ƙirjinsa, ina jin mutane na gyara zama a waje.

"Tunkiya ce," ya ce.

"Baba, ni ne. Hita ce, na ɗauka..."

"Rataya mini ita. Kafaɗar ba ta ɗaguwa."

Na rataya masa. Ya karɓi gula ya fita.

Na tsaya a bayan labule ina kallo. Ya buga na farko, na ga fuskarsa ta motsa kamar an taɓa masa gyambo. Ya buga na biyu. Daga nan ya miƙe wuya irin na soja ya shiga kiɗan golmo tun daga farkonsa, na fita gona, da na kama kunyar noma, da na zuga wanda ya rage a baya. Hannun bai manta komai ba. Kowane bugu ya faɗi inda ya kamata, sai dai yana faɗuwa ne ya mutu nan take, ko layi na biyar bai kai da ƙarfinsa ba. Kiɗan da aka yi don ya ƙetare dutse ya kasa ƙetare ɗaki. Mutane ɗari biyu suna zaune shiru, hannu a cinya, suna saurare da ladabi. Ya yi minti goma sha biyar ɗinsa cif, bai rage ko ɗaya ba, zufa na ɗiga daga haɓarsa.

Da ya tsaya, zauren ya tashi tsaye. Tafi kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Madam Moira na kuka, tana cewa ba ta taɓa jin abu mai zurfi haka ba. Wani malamin kiɗa na jami'a ya riƙe hannun Baba yana yaba taushin muryar gangar, yana tambaya ko haka ake yin su a ƙasarmu. Baba ya ce masa, "Na gode, ranka ya daɗe." A can kusa da ƙofa na hango Angus, shi kaɗai ne a zaune, kansa a ƙasa.

Ba mu tsaya shan shayi ba. Baba ya ce numfashinsa na son iska. Muka taka a hankali zuwa inda ake jiran bas, ni da buhu, shi da sanda. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, gari ya fara duhu, ruwan gefe ya dawo aiki. Muka zauna a kan ɗan bencin ƙarfe. Na jira ya zage ni. Na so ya zage ni, ya haɗa da ubana da kakana, da na samu sauƙi. Sai ga bas ɗinmu ya zo ya buɗe ƙofa. Baba bai motsa ba. Direba ya jira, ya rufe, ya tafi.

"Bawa."

"Na'am, Baba."

"Kafin ta fashe. Ta ɗaure?"

"Ta ɗaure."

"Ka buga ta?"

"Na buga."

Ya juyo ya dube ni, karo na farko tun daga ɗakin ajiya.

"Yaya take? Kada ka ƙara mata komi. Yadda take."

Na nemi kalma, ni da ban taɓa rasa kalma ba, na rasa. Sai na cika kumatu na yi masa da baki. Dim. Dim, dididim. Wata mata mai jiran bas ta matsa can gefe da jakarta.

Baba ya rufe ido. "A'a. Icen ga na kirya ne, ba ta yin sama haka. Sauko."

Na sauko da murya har cikin tumbina. Dum. Dum, dududum.

"Wutsiyar fa? Ba ta da wutsiya?"

"Tana da ita, Baba. In an buga sai ta ja, kofuna na rawa."

"To sa mata."

Na sa mata. Na ja ƙarshen har numfashina ya ƙare. Yatsunsa suka fara motsi a kan sandar, suna bin bakina, suna gyara mini inda na yi sauri. Ruwa na gangarowa a fuskarsa, ban san wanne ne na sama ba. Wani bas ya zo ya tsaya, ya buɗe ƙofa, hasken cikinsa ya zubo a kan takalmanmu. Na yi shiru na kama buhu zan tashi.

Ya riƙe mini hannun riga, idonsa a rufe.

"Sake," in ji shi.